Bindigar Mehrab Mai Gwangwani

A Darra, garinmu na maƙeran bindiga, kunne ne ke yi wa maƙeri shari'a. In mutum ya gama bindiga ba sai ya aika a kira kowa ba. Fitowa zai yi bakin titi, ya ɗaga bakinta sama, ya ja kunama. Mu da ke cikin shaguna ko kai ba ma ɗagawa, amma kowa ƙirgawa yake yi a zuci. In ta yi goma a jere, wani zai ce, "Masha Allah, hannun Ustaz wane ne," a ci gaba da shan shayi. In kuwa ta yi biyu ta yi shiru, to wannan shirun har bakin hanyar Kohat ana jin sa.

Bindigar Mehrab Gul biyu take yi. Tau, tau, sai ta cije. Harsashi na uku ya taso daga gidansa, ya kawo kai bakin ƙofa, ya tsaya a karkace, bai shiga ba bai koma ba. Kuma wannan bindiga ba ta sayarwa ba ce balle a ce a rage kuɗi a rabu da ita. Rantsuwa ce a kanta, rantsuwar da ta hana dattijo ɗan shekara sittin da uku zama cikin maza.

Mehrab ɗan guntun mutum ne mai faɗin tafi, gemunsa ja da lalle, kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya. Yana da shekara tara mahaifinsa ya zaunar da shi a ƙasa ya miƙa masa magagari. A garin nan bindiga ɗaya sai ta bi hannu shida ko bakwai kafin ta yi ƙara: wani ya huda bututu, wani ya sassaƙa ƙota, wani ya baƙanta ƙarfe, wani ya zana fure, sannan mai haɗawa ya haɗa, shi ne kuma ake kira Ustaz. Da tsohon ya zo rabon aiki tsakanin 'ya'yansa biyu, sai ya ba babban haɗa bindiga, ya dubi Mehrab ya ce, "Kai Allah ya ba ka ido. Gidan harsashi za ka yi." Yabo ne tsohon ya yi, amma yaron ya ɗauke shi a matsayin kora, ya kuma riƙe abin a ransa har uban da wan suka riga mu gidan gaskiya.

Gidan harsashi kuwa ɗan akwatin ƙarfe ne kawai, wanda ake jera harsasai a ciki, shi ke miƙa wa bindiga ɗaya bayan ɗaya. Ba ya ƙara, ba a yi masa zanen fure, mai saye ba ya shafa shi yana murmushi. Shi Mehrab ya yi ta yi fiye da shekara hamsin, kuma Allah ya sani babu wanda ya kai shi. Yakan buga ɗigo uku a gindin kowanne, alamarsa ke nan. Direbobin manyan motoci da mafarauta daga nesa sukan juya gindin akwatin su duba, in babu ɗigo uku su ajiye. Ma'aunin da ubansa ya bar masa yana rataye a ƙusa, tsatsa ta ci rabinsa, don bai taɓa saukar da shi ba. Ya ɗaga ƙarfe sama, ya runtse ido ɗaya, ya goga sau biyu, shi ke nan. In wani ya yi masa maganar awo sai ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima." Da wannan aiki ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya je Makka, ya sa wa gidansa ƙofar ƙarfe. Duk da haka sunansa a kasuwa Mai Gwangwani.

Sifat mai shayi ne ya laƙaba masa, tun suna da baƙin gemu. Shi Sifat bakinsa ba shi da linzami, duk wanda ya ratsa gaban tukunyarsa sai ya tafi da suna. Mehrab yakan yi tsaki ya wuce. Da ma abin yana nan yana cin sa a ciki, jira kawai yake a taɓa.

An taɓa ɗin ranar wata Alhamis bayan la'asar, a hujra, zauren da mazan unguwa ke zama. A nan ake tarbar baƙo, a nan ake zaman makoki, a nan ake yanke maganar aure da ta gona. Wani baƙo ya zo daga Lahore neman bindigogin farauta, an zaunar da shi a gadon igiya, an kawo koren shayi. Sifat ya shiga gabatar masa da mutane: wannan Ustaz Zarbat ne, wancan Ustaz wane, na kusa da shi Ustaz wane. Da ya iso kan Mehrab sai ya ce, "Wannan kuma Mai Gwangwani namu."

Baƙon, bawan Allah, ba da wata manufa ba, ya ce, "Ashe har gwangwanin mai kuke yi a nan?"

Zaure ya kwashe da dariya, har wani ya ƙware da shayi. Mehrab ya ajiye kofinsa a hankali, ya miƙe, ya gyara mayafinsa. Ya ce, "Ku shaida. Wallahi ƙafata ba za ta sake taka hujrar nan ba sai bindigar da na ƙera da hannuna, daga baki har ƙota, ba ƙusar kowa a ciki, ta yi goma a jere a tsakiyar kasuwa."

Zarbat, maƙwabcinsa na shago kuma amininsa, wanda shi ke sayen yawancin aikinsa, ya kama gefen rigarsa. "Haba Lala, zauna. Wasa ne fa." Lala yake ce masa, wato yaya, don Mehrab ya girme shi da shekara biyu. Mehrab ya fizge rigarsa ya fita. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita gaban baƙo.

A tsakar gidansa ya kafa aikin, ƙarƙashin itacen rumman, inda ba idon kowa sai na matarsa Bakht Zamina da kaji. Tsohuwar ƙirar Rasha ya zaɓa, mai cin goma, irin wadda in ka harba ita da kanta za ta tofar da kwanso ta ɗauko wani harsashin. Da safe ya je shago ya yi gwangwanayensa, da rana ya dawo ya duƙufa. Wata bakwai yana abu ɗaya. Kuma tun da ba aikinsa ba ne, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya sauko da ma'aunin ubansa, ya kankare tsatsar, ya kawo shi gida a ɓoye cikin mayafi. Kowane ƙarfe sai ya auna shi sau biyar kafin ya goga sau ɗaya. Da ya ga layukan ma'aunin suna yi masa rawa, sai ya fara aron tabaran da Bakht Zamina ke ɗinki da shi, wani mai jan kewaye da ɗan fure a gefe.

"Baban Sabira, ka je asibitin Kohat su yanka maka naka mana," in ji ta. "Ni kuma da me zan zura allura?"

"Idona lafiya lau. Rubutun ma'aunin ne ƙanana."

"To Allah ya ƙara wa rubutun girma."

Gidan harsashin bindigar kuwa ko tunaninsa bai yi ba sai da komai ya kammala. A shago ya yi shi, da hantsi guda, yana yi yana musu da wani direba a kan hanyar Peshawar. Ya ɗaga shi sama, ya runtse ido, ya buga ɗigo uku, ya jefa a aljihu.

Ranar gwaji ya sa sabbin kaya. Ya tsaya tsakiyar titi daidai tukunyar Sifat, ya yi bismillah, ya ɗaga bindiga. Tau! Tau! Ya ja kunama karo na uku, ba abin da ya amsa sai kukan wani jaki a ƙasan layi. Magagarai da suka ɗan tsaya a shaguna suka ci gaba da gugarsu.

Sifat ya leƙo ta cikin tururi. "Lala, saura takwas ɗin sai gobe, ko aike za ka yi mana da su?"

Daga ranar aka shiga farautar laifi. Ya ce sifirin ne ya yi laushi, ya yi wani. Biyu. Ya ce sabon ya yi tauri, ya yi na uku. Biyu. Ya warware bindigar ɗaiɗai a kan tabarma, ya bi duk inda harsashi ke bi ya goge shi har yana ganin gemunsa a ciki. Ya sa mai, ta cije. Ya share man, ta cije. Wata rana ta yi uku, ya dawo gida yana taku ɗaiɗai, ya ce a yanka kaza. Washegari ta yi ɗaya. Ya daina gwadawa a kasuwa, ya koma busasshen rafin bayan gari, amma a kwarin nan na Darra ko tari ka yi duwatsu sai sun kai rahoto. Kafin ya dawo, labari ya riga shi. Sunansa ya tashi daga Mai Gwangwani ya koma Harbi Biyu, ya rasa wanne ya fi ciwo.

Wanda bai taɓa zama da abu ƙarami da ya ƙi gyaruwa ba, ba zai gane irin wannan takaici ba. Da bindigar fashewa ta yi, da ya san ya kasa, ya haƙura. Amma ga ta nan kyakkyawa, ƙotarta ta katako tana sheƙi, tana harbi daidai inda aka nuna mata, sai dai ba ta iya haɗiye loma ta uku. Yakan ɗora ta a cinya ya yi ta yi mata magana. "Me na yi miki? Me kike so? Faɗa mini, 'yar banza!" Kaji su watse.

Da ƙarfe ya ƙare masa, sai ya koma kan mutane. Lal Mat, ƙanen matarsa, sana'arsa cika harsashi, a wurinsa kuma Mehrab ke ɗauka. Ya same shi a shago gaban masu saye, ya watsa masa harsasai a faranti.

"Waɗannan harsasai ne ko dabino? Wani dogo, wani gajere, wani mai ciki!"

Lal Mat ya ɗauki ɗaya ya juya shi. "Lala, jiya Ustaz Zarbat ya ɗebi irinsu, ka ji da kunnenka, goma cif."

"Kunnena ɗaya ne, kuma ba ya jin ƙarya."

"To ɗauki na kamfani ka gwada, na ba ka kyauta. In ta ci, ka zo ka aske mini gemu."

Ya ɗauka. Biyu ta yi. Bai koma ya ba da haƙuri ba, Lal Mat kuma ya daina zuwa cin abincin Juma'a gidan yayarsa. Bakht Zamina ta yi kwana uku ba ta ce masa ko sannu ba, sai dai ta dire masa gurasa ta juya. A rana ta huɗu ta ɗaura wa ƙotar bindigar baƙin ƙyalle don maganin baki, ta ce ko mutane ne suka sa mata ido. Ya yi mata faɗa a kan camfi, amma bai kwance ƙyallen ba.

Sau ɗaya Zarbat ya gwada. Ya shigo tsakar gidan da sallama, ya tsuguna, ya daɗe yana jujjuya bindigar. Fuskarsa ta nuna mamaki na gaske. "Lala, aikin nan ya yi. Wallahi ni ban isa in gyara komai a jikinta ba." Ya sosa gemu, ya ce a hankali kamar mai taka ƙaya, "Ko za ka jarraba ta da wani gidan harsashin? Don dai a fitar da shakka."

Mehrab ya karɓe bindigarsa. "Zarbat, kai ne za ka koya mini gidan harsashi? Kana tsotson yatsa nake lanƙwasa ƙarfe. Duk abin da ke jikin bindigar nan ka zarga, ban da wannan."

"Na yi shiru, Lala."

"Ka kyauta."

Laifi tudu ne, in ji masu magana. Mehrab ya hau nasa ya zauna daram, yana hangen na sifirin da na Lal Mat da na masu baki.

Rantsuwar kuwa tana nan tana cinsa. Maza suna hujra ana hira, shi yana gida yana jin muryoyinsu ta kan katanga. Aka yanke maganar gyaran rijiyar unguwa ba da shi ba. Aka kawo maganar auren jikarsa, sai da ya wakilta wani. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne rasuwar wani tsoho da suka yi karatun allo tare. Kwana uku ana zaman makoki a hujra, shi yana tsaye a waje bakin ƙofa, tafi a sama, yana addu'a daga nan, baƙi suna ratsa shi suna tsammanin mai jiran sadaka ne.

Liman ya ja shi gefe. "Mehrab Gul, addini ya yi sauƙi. Ka ciyar da miskinai goma, ka yi kaffara, ka shigo ka zauna cikin 'yan'uwanka."

"Malam, Allah zai karɓa, na sani. Darra ce ba za ta karɓa ba."

Liman bai yi musu ba, shi ma ɗan garin ne.

Asirin ya tonu ne a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata Talata da hantsi magagarinsa ya karye, ya zaga ta bayan layi don ya ari na Zarbat, ya tura ƙofar baya ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Zarbat yana zaune a ɗan lungun da ke bayan shagonsa, ya juya wa kasuwa baya, tabarau a hanci. A damansa kwando ne cike da gidajen harsashin da Mehrab ya kawo masa jiya. A hagunsa wasu ne a jere. Ɗaya yana hannunsa, yana bin bakinsa da ɗan ƙaramin magagari, yana aunawa, yana sake bi.

Mehrab ya tsaya. Ya ga ɗigo uku a gindin wanda ke hannun, ya ga ɗigo uku a na jeren.

"Me kake yi wa aikina?"

Zarbat ya zabura har magagarin ya faɗi. "Lala! A'a, ƙura ce nake..."

"Da magagari ake share ƙura? Zarbat, dube ni. Me kake yi wa aikina?"

Zarbat ya cire tabarau ya murza idanu. Sannan ya miƙa hannu bayan wani akwati ya jawo tsohuwar bindigarsa ta gida, ya zare gidan harsashinta, wanda duk baƙinsa ya koɗe. Ya ɗauki sabo ɗaya daga kwando, ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ya miƙa wa Mehrab tare da tabaran.

"Wannan ka yi mini shi shekarar da aka haifi Sabira. Wannan ka yi shi shekaranjiya. Sa ka duba, Lala. Ni ba zan iya faɗa da bakina ba."

Mehrab ya so ya yi jifa da tabaran. Ya dai sa. Nan take duniya ta matso kusa. Bakin tsohon akwatin a miƙe yake, gefe da gefe daidai wa daida, har ya ji daɗin ganinsa kafin ya tuna shi ya yi shi. Na sabon kuwa gefe ɗaya ya ɗan kwanta, abin da bai wuce kaurin gashi biyu ba. Ya ɗauki wani daga kwando, haka. Ya ɗauki wani, haka. Duk gefe ɗaya, duk iri ɗaya, aikin ido guda da ya gaji bai gaya wa mai shi ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da na bindigarsa, wanda yake yawo da shi kamar laya. Shi ya fi duka kwanciya.

Ya zauna a kan buhun gawayi.

"Tun yaushe?"

"Azumin bana shekara uku ke nan."

"Shekara uku kana bin bayana kana gyara."

"Ba wani aiki ba ne, Lala. Shafa biyu ce, kafin shayi ya huce na gama."

"Sauran masu saye fa? Ba kai kaɗai nake ba wa ba."

Zarbat ya kau da kai. "Kowa yana gyara nasa. Wanda bai iya ba ya kawo mini."

"Wato duk layin nan an sani."

"An sani."

"Har Lal Mat?"

"Har shi."

Mehrab ya tuna harsasan da ya watsa a faranti, da yadda Lal Mat ya juya ɗaya a hannu ya yi shiru a kan abin da ya sani. "Sifat dai bai sani ba. Da ya sani da Kohat ta sani."

"Shi ya fara ganewa, ranar da ka zuba shayi a gefen kofi. Shi ya tara mu ya ce duk wanda ya bari ka ji, ya daina shan shayinsa." Zarbat ya ɗan yi murmushi. "Ya yi maka tsiya da gwangwani, ya yi maka da harbi biyu. Ka taɓa jin ya yi maka tsiya da ido?"

Kunya ta rufe Mehrab tun daga gemu har tafin ƙafa, ga haushi, ga kuma wani abu da ya fi su nauyi wanda ya sa idon nasa ya cika. Shekara uku yana zaune a bakin shago yana ɗaga ƙarfe sama yana cewa ido ya san ƙima, maza suna gyaɗa masa kai.

Zarbat ya tura masa tsohon akwatin. "Ɗauki wannan. Aikin hannunka ne, ga ɗigonka, rantsuwarka ba ta karye ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka fita yanzu ka yi gomarka, la'asar ta same ka a hujra."

Mehrab ya juya shi a tafinsa, ya shafa ɗigon da babban yatsa. Ya mayar masa.

"Wannan wani yaro mai ido ne ya yi shi. Ba shi ya yi rantsuwa ba, ni na yi."

Washegari kasuwa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Mehrab Gul a bakin shagonsa, a fili, ma'aunin ubansa a cinya, tabaran mata mai jan kewaye da fure a kan hancinsa. Ya auna, ya goga, ya sake aunawa. Masu wucewa suka riƙa kallon ƙasa. Sifat ya kawo masa shayi da kansa, ya ajiye, ya buɗe baki, ya dubi furen, ya rufe bakin da tafi ya koma da sauri. An ce sai da ya shiga bayan tukunya ya yi dariyar har da hawaye.

Aikin da yake yi da hantsi guda sai da ya ci masa kwana uku, ya lalata biyu kafin na uku ya tsaya. Da ya gama bai nufi titi ba. Shagon Lal Mat ya fara zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya.

"Ba ni goma cikin dabinon nan naka."

Lal Mat ya ƙirga masa ba tare da ya ɗago ba. "Dogaye kake so ko masu ciki?"

"Duk wanda ka ba ni. Juma'a kuma yayarka za ta dafa shinkafa da nama. In ba ka zo ba ni za ta ci."

Ya tsaya inda ya tsaya ranar farko, da kayan aikinsa na yau da kullum, baƙin ƙyallen yana lilo a ƙota. Ya yi bismillah. Tau. Tau. Magagarai suka tsaya cak daga farkon layi har ƙarshensa. Tau. Huɗu, biyar, shida, kwansuna suna faɗuwa a gefen ƙafarsa. Bakwai, takwas, tara. Ta goma ta tashi, duwatsu suka maimaita ta, sannan aka yi irin shirun da ake so.

Daga can cikin wani shago wata murya ta ce, "Masha Allah." Aka ci gaba da guga.

Bayan la'asar ya doshi hujra. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya, wurin da ya yi kwana uku yana addu'a a tsaye, sannan ya cire takalmi ya shiga. Maza suka miƙe. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu wanda bai taɓa zama a bayan shago yana gyara masa aiki a ɓoye ba. Sifat ya kakkaɓe gadon igiyar da ke kusa da na liman, ya ɗaga murya yadda na waje ma zai ji.

"A ba Ustaz wuri! Bismillah, Ustaz Mehrab Gul."

Shekara hamsin yana jiran wannan kalma. Ta zo, ya saurare ta da kunnensa mai ji, bai ji ta yi masa komai ba. Ya zauna, ya karɓi shayi, ya gyara tabaran matarsa don ya ga bakin kofin.

"Sifat," ya ce, "bar Ustaz ɗin nan, bindiga ɗaya na yi. Mai Gwangwani za ka ce. Shekara uku kuna kirana da shi ban cancanta ba, sai yau."